Yanda ake ɗiban ƙarfi daga iska ba tare da inji ba: dabarar tsuntsun albatros da masu jirgin rimot

Akwai wani tsuntsun teku da ake kira albatros, babban nau'insa in ya buɗe fukafukansa daga wannan baki zuwa wancan sai ya wuce mita 3, wani ma ya kai 3 da rabi, nauyinsa wajen kilo 8 zuwa 10, amma zai iya wuni guda yana tafiya a saman ruwa bai kaɗa fiffike ba sai jefi-jefi. A 1990 wasu masana biyu 'yan Faransa, Jouventin da Weimerskirch, suka wallafa abin da suka gano bayan sun maƙala wa irin waɗannan tsuntsaye na'urar da tauraron ɗan'adam ke bibiya, a tsibiran Crozet can kudancin tekun Indiya. Akwai wanda a fita ɗaya neman abinci ya ci kilomita wajen 15,000 kafin ya dawo ya karɓi matarsa kwanci kan ƙwai. To ina yake samun ƙarfin nan? Abin da nake so in koya maka kenan yau, kuma in ka fahimce shi a wajen tsuntsu, ka fahimci yanda mutane ke sa ƙaramin jirgin rimot mara inji mara farfela ya yi gudun da ya kusa na jirgin fasinja.

Da farko ka cire shirwa da ungulu daga ranka. Na san su ne za su fara faɗo maka, dan duk mun saba ganinsu da tsakar rana suna kewaya a sama ba sa kaɗa fiffike, to amma nasu salon daban ne. Rana ce ke gasa ƙasa, iska mai zafi ta tashi sama kamar hayaƙi, su kuma su shiga cikinta ta ɗaga su, shi ya sa ba ka ganin ungulu a sama da asuba sai rana ta ɗaga. A tsakiyar tekun kudu mai sanyi wannan iskar zafin ba ta da wani ƙarfin kirki, kuma albatros ma ba ya yin nisa sama, mita 10 zuwa 15 ya sauko. Iskar da yake mora a kwance take tafiya.

Kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, sai su ce ai iskar ce ke tura shi. A'a. Ka tuna ledar nan da yara ke ɗaura wa zare su sake ta sama lokacin hunturu, muddin zaren na hannun yaro tana nan a sama tana rawa, amma da zarar zaren ya tsinke sai ta bi iska ta yi laushi ta faɗo, alhali iskar ba ta ragu ba ko kaɗan. Abin da ke riƙe ta shi ne bambancin da ke tsakanin ƙasa da ke tsaye da iska da ke tafiya. Tsuntsu in yana cikin iskar da gudunta ɗaya ne sama da ƙasa, ko da guguwa ce, ba abin da zai samu, dan shi da iskar tare suke tafiya. Wani masanin Ingila mai suna Lord Rayleigh ya rubuta wannan tun 1883 a mujallar Nature, inda ya nuna cewa tsuntsun da ba ya kaɗa fiffike kuma ba ya faɗowa, to ko dai iskar na tashi sama ne, ko kuma gudunta ba ɗaya ba ne a ko'ina. Wannan na ƙarshen shi ne namu.

Ka fara jin abin da jikinka tukuna. Ranar da ake iska sosai ka je bayan katanga ka durƙusa, za ka ji shiru kamar ba a komai, sai ka miƙa hannu sama ya wuce kan katangar, nan take iska za ta bugi tafin hannunka. Tsakanin inda hannunka yake cikin shiru da inda iska ta buge shi bai fi taku ɗaya ba. Wannan siririn wajen shi ne iyakar da muke magana, iska mai gudu a sama, matacciyar iska a ƙasa, kuma duk dabarar ba ta wuce sanin yanda ake tsallaka iyakar nan ba, ta wane ɓangare za ka shiga, ta wane za ka fita. A teku igiyar ruwa ce ke zama katangar, sannan shi kansa ruwan yana riƙe iskar da ke gogarsa, sai ya zama ta ƙasa-ƙasa a hankali take tafiya, ta sama kuma tana gudu.

Abu na biyu da sai ka riƙe, gudu iri biyu ne. Akwai gudun da mai kallo daga ƙasa ke gani, akwai kuma gudun da fiffike ke ji, wato ƙarfin iskar da ke dukansa. In kana kan babur kana gudun 40 kana fuskantar iskar hunturu mai gudun 30, fuskarka 70 take ji, in ka juya ka ba iskar baya kuwa 10 kawai za ka ji duk da mitar babur ɗin ba ta canza ba. Fiffike bai san ƙasa ba, abin da yake ji kawai ya sani, kuma da shi yake hawa sama, da shi yake juyawa.

To yanzu mu gani a ƙasa, mu yi lissafi da lambobi masu sauƙi. A ce iskar ƙasa a tsaye take cak, ta sama kuma tana gudun kilomita 50 a awa. Jirginmu yana ƙasa cikin matacciyar iska yana gudun 100, ya nufi inda iskar ke fitowa. Sai ya ɗaga kai ya tsallaka iyaka ya shiga ta sama. Mai kallo har yanzu 100 yake gani, amma fiffike 150 yake ji, dan iskar 50 ta taho ta same shi gaba da gaba. Ya samu 50 kyauta. Yanzu a can saman sai ya karkata ya juya ya ba iskar baya, fiffike na nan yana jin 150 ɗinsa, amma tunda yanzu iskar na tafiya da shi, mai kallo 200 zai gani. Sai ya sunkuyar da kai ya sake tsallaka iyakar ya faɗa cikin matacciyar iska da wannan 200 ɗin, kaga yanzu fiffike ma 200 yake ji. Ya sake samun 50. Ya juya a ƙasa ya fuskanci iska, ya hau, 250. Kowane zagaye ɗaya yana ƙara ninki biyu na bambancin iskar, wato 100 a misalinmu.

Ka sake karanta wannan sakin layin har sai ya zauna maka, wallahi duk abin da zan faɗa nan gaba a kansa yake. Hawa kana fuskantar iska, sauka kana bin iska. In ka yi akasin haka, ka hau kana bin iska ko ka sauko kana fuskantarta, to kowane tsallake cire maka gudu zai yi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, irin wannan canjin iska na ba-zata ne ya kayar da wani jirgin fasinja yana shirin sauka a Dallas ta Amurka a 1985, mutum sama da 130 suka rasu. Abu ɗaya ne, wani ya mora wani ya halaka, ya danganta da ta inda aka shige shi.

In kana tambaya ai ƙarfi ba ya fitowa daga babu, gaskiyarka. Iskar ce ke biya. Lokacin da jirgin ke juyawa a sama cikinsa na fuskantar iskar, yana turata baya kaɗan yana rage mata gudu, abin da ta rasa shi ya samu. Kamar ka jefa ƙwallo a gaban tirela mai tahowa, za ta dawo maka da gudun da ya fi wanda ka jefa ta da shi, tirelar kuma ba ta ma san an yi ba. Kuma gudun ba ya ta hauhawa har abada, dan iska na jan jirgi baya, jan nan kuwa in gudu ya ninka biyu shi ninkawa huɗu yake, juyawa ma na cin nata kason, dan haka akwai inda za a kai abin da ake samu a tsallake ya yi daidai da abin da ake asara a zagaye, nan gudun zai tsaya. Jirgi mai sulɓi sosai yakan kai kusan ninki 10 na gudun iskar kafin ya tsaya.

Shi albatros ba gasar gudu yake ba, tafiya yake son yi a arha, dan haka ba ya cika zagaye. Yakan taso daga kwarin igiya ya fuskanci iska ya hau, a can sama ya karkata har fiffike ɗaya na nuna ruwa ɗaya na nuna sama, ya sulalo yana bin iska, daf da ruwa ya sake juyawa har bakin fiffikensa kamar zai taɓa ruwan, sai ya sake hawa, duka a cikin daƙiƙa 10 ko kusa da haka, sawunsa kamar tafiyar maciji, gaba ɗayan tafiyar kuma tana yanka iskar ta gefe. Allah ya yi masa wata jijiya a kafaɗa da ke kulle fiffiken a buɗe, ba sai ya sa ƙarfin tsoka ya riƙe ba, har an auna bugun zuciyarsa yana cikin wannan shawagi aka ga bai fi na lokacin da yake zaune yana hutawa da wani abin kirki ba, wahalarsa tana wajen tashi daga ruwa ne. Masu bincike na Birtaniya sun bi sawun wani albatros, nau'in mai kai ruwan toka, daga tsibirin South Georgia da ya zagaye duniya ta tekun kudu cikin kwana 46. Amma ranar da iska ta mutu sai ya sauka kan ruwa ya zauna jira, shi ya sa yankin tsakiyar duniya inda iskar teku ke yawan kwantawa ya zame masa shinge, ba a saba ganinsa a gaɓar Legas ko Accra ba.

Yanzu mu zo kan yanda ake yi da jirgin rimot, masu harkar suna ce wa wannan dabarar dynamic soaring da Turanci, DS a taƙaice. A shekarun 1990 abin ya bazu, kuma sunan da aka fi dangantawa da farkonsa shi ne Joe Wurts, a wani tudu da ake kira Parker Mountain a jihar Kalifoniya. Kafin nan kowa a gaban tudu yake tashin jirginsa, inda iska ke bugun tudun ta hau sama, bayan tudu kuwa gudunsa ake dan nan jirage ke faɗuwa. Ashe a bayan ne arzikin yake.

Abu na farko waje. Kana neman tudu mai tsawo kamar doron raƙumi, samansa siriri, bayansa da gangara sosai, iska kuma ta buge shi a tsaye, ba ta gefe ba. In saman tudun mai faɗi ne ko mai laushin lanƙwasa, iskar za ta bi shi ta gangara ne kawai, ba za ta rabu da ƙasa ta bar matacciyar iska a baya ba, kaga babu iyakar tsallakawa kenan. Gwajin mai sauƙi ne, ka tsaya a saman ka ji iska na neman cire maka hula, ka gangara baya taku kaɗan, in ka ji shiru ko ma ka ji wata 'yar iska na dawowa ta baya tana hawowa, to wajen ya yi. Ka ɗebi busasshiyar ciyawa ka watsa sama ka ga inda take fizgewa, nan iyakar take. Kuma kar a sami gida ko hanya ko makiyayi da dabbobinsa a ƙasan wajen, sam, sannan ka binciki dokar ƙasarku kan tashin jirgin rimot kafin ka fita.

Na biyu jirgi. Dan Allah kar ka fara da mai tsada. Akwai waɗanda ake yi da wani irin soso mai tauri da ke lanƙwasa ya dawo, su ne na koyo, dan faɗuwa dai sai ka yi ta, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Abin da za ka duba kafin kowane tashi shi ne 'yan faifan nan da ke motsi a bayan fiffike da wutsiya, ka kama su da yatsa ka girgiza, in akwai lako-lako ko kaɗan ka gyara, dan in gudu ya yi yawa sai su fara karkarwa, cikin ƙiftawar ido fiffike ya tarwatse a sama. Kuma sai wanda hannunsa ya riga ya faɗa da tashin jirgi a gaban tudu, wanda zai iya juya shi yana tahowa kansa bai rikice da hagu da dama ba, shi zai gwada baya. Ka zaɓi ranar matsakaiciyar iska mai ɗorewa, ranar guguwa ta ƙwararru ce.

Shiga kuwa ga yanda take. Ka jefa jirgin a gaban tudu yanda aka saba, ka bar iskar gaba ta ɗaga shi ya yi sama sosai, wannan tsayin shi ne jarinka. Sai ka juyo shi ya bi iska, ka sunkuyar da shi ya wuce ta kan tudun ya gangara baya da gudu. Yana faɗawa matacciyar iska za ka ga ya ɗan girgiza, kar ka tsorata kar kuma ka ja shi sama a nan, ka bar shi ya nutsa, sannan ka karkata shi ka yi juyin ƙasa, santsi ba fizga ba, ya dawo yana hawowa ya nufi saman tudun yana fuskantar iska. Da ya fito daga inuwar tudun iska za ta buge shi, har ƙara za ka ji kamar an kaɗa babban zane, to nan take ka fara juyin sama, cikinsa na kallon iskar, ta wurgo shi baya, ya sake nutsawa. Da'irar a karkace take kamar faranti da aka jingina da bango, rabin sama cikin iska mai gudu, rabin ƙasa cikin shiru.

Kuskuren da kusan kowane sabon shiga ke yi guda biyu ne, kuma duka tsoro ke kawo su. Na ɗaya ƙin nutsawa, mutum na tsoron ƙasa sai ya yi ta zagaye a sama cikin iska mai gudu kaɗai, bai tsallaka komai ba, jirgin ya yi ta rasa gudu iska ta tafi da shi can baya. Na biyu jinkirin juyin sama, jirgi ya fito cikin iska sai a bar shi ya yi ta hawa yana fuskantarta har gudun da ya samu ya ƙare a hawan. Akwai kuma jan sandar rimot da ƙarfi, wanda ke matse da'irar ya cinye gudun. Kunnenka zai gaya maka gaskiya fiye da idonka, in kana kan daidai kukan jirgin ƙara kaifi yake kowane zagaye, in ka ji yana dusashewa to ka matsar da da'irar, ko ƙasa kaɗan ko kusa da tudun, har ka sake jin bugun nan biyu, na shiga matacciyar iska da na fita daga cikinta. Da gudu ya ƙaru sai ka buɗe da'irar ta ƙara faɗi, in iska ta yi ƙarfi kuma masu harkar kan ƙara wa jirgin nauyi da dalma a tsakiyarsa dan ya riƙe gudunsa ya huda hargitsin iskar.

Fita ma sai an koya. Tun jirgin na da gudu, a lokacin da yake hawowa yana fuskantar iska, sai ka fasa juyin sama ka bar shi ya miƙe ya haye gaban tudu, gudun ya koma tsayi, ka huta. In ka ga zagaye biyu a jere gudu na raguwa to fita kawai, kar ka ce bari in ƙara ɗaya, dan in ya mutu a bayan tudu babu abin da zai ɗago shi, sai dai ka daidaita fukafukan ka sauke shi a hankali ka gangara ka ɗauko.

Maganar tsaro kuwa ba zan sassauta ba. A watan Janairun 2021 Spencer Lisenby ya kai kilomita 882 a awa a wannan Parker Mountain ɗin, da jirgin da aka ƙera da zaren kabon, wani abu mai ƙarfi mara nauyi, faɗin fiffikensa mita 3.3, kusan daidai da na albatros, an auna da na'urar rada irin ta kama masu gudu da mota, babu inji babu komai sai iska da tudu. A irin wannan gudun zagaye ɗaya daƙiƙa 2 zuwa 3 ne, kuma a juyi jirgin na ɗaukar nauyin da ya ninka nasa sau da dama, gommai ake magana. Ko na koyo da ke gudun 150 in ya sami mutum a kai zance ya ƙare. Dan haka ba a tsayawa a layin da'irar, a gefe ake tsayawa, mai riƙe da rada yana fakewa a bayan dutse ko mota, 'yan kallo duka a bayan matuƙi, jirgi ɗaya tak a bayan tudu a lokaci guda, kuma in wani ya gangara ɗauko nasa kowa ya dakata har ya hawo.

Mutum ma ya taɓa yi da kansa a ciki. A 1974 Ingo Renner, wanda daga baya ya ci gasar duniya ta jiragen marasa inji har sau 4, ya yi shi a Tocumwal ta Ostireliya, ranar da ƙasa ba iska amma a wajen mita 300 sama akwai iska mai ƙarfi kwance a kan ta ƙasan, ya yi ta hawa da sauka yana tsallaka iyakar yana riƙe da tsayinsa, sai dai iskar ta yi ta jansa nesa da filin har ya haƙura ya dawo. Ba a cika yinsa da manyan jirage ba dan iyaka mai kaifi galibi kusa da ƙasa take, jikin ɗan'adam kuma ba ya ɗaukar irin juyin da jirgin rimot ke ɗauka.

In ba ka da jirgi ba ka da tudu, ka nemi bidiyon albatros a YouTube wanda aka ɗauka daga jirgin ruwa, ka rage saurinsa. Ka fara duba inda kumfar kan igiya ke feshewa, nan iska ta nufa. Sannan ka bi tsuntsun da ido, duk sanda ya hau ka duba ina bakinsa ke kallo, duk sanda ya sulalo ka sake dubawa, ka ƙirga daƙiƙa nawa tsakanin hawa da hawa, ka kuma ƙirga sau nawa ya kaɗa fiffike kafin bidiyon ya ƙare.